Maki 33 Ba Su Ke Cin Zagaye 12 Ba: Auna Hannu Kafin Tayin Silam

Babu tayin da ke juya sakamakon gasar birij, wasan karta na mutum huɗu biyu-biyu, a hannu ɗaya kamar tayin silam. Tun lokacin da Harold Vanderbilt ya tsara jadawalin ladan wasan a 1925, aka ware lada mai tsoka ga abokan wasa biyu da suka ɗauki alƙawarin cin zagaye 12 daga cikin 13, wato ƙaramin silam, ko kuma duka 13 ɗin, wato babban silam, suka kuma cika alƙawarin. A tsohon salon da ya gabaci na Vanderbilt, wanda ya ci zagaye 12 yakan karɓi ladansa ko ya taya ko bai taya ba; a sabon tsarin kuwa, wanda ya tsaya a 4♠, wato alƙawarin cin zagaye 10 da ♠ a matsayin dangin yanka (dangin da ke doke sauran), ya ci 12 ba shi da komai sai ladan gem, wato matakin da ke ƙasa da silam, da ɗan abin da zagaye biyu na rara suka kawo. Daga nan ne auna hannu kafin a jefa katin farko ya zama rabin wasan.

Lissafin ladan shi ne ke nuna iyakar kasadar da ta dace. Idan ba a cikin halin haɗari ake ba, wato yanayin da lada da tara suke ƙaruwa, alƙawarin 6♠ da ya cika yana kawo 980, yayin da 4♠ da aka ci 12 a cikinsa ke kawo 480, ribar tayin 500 ke nan. In kuwa silam ɗin ya faɗi da zagaye ɗaya, an biya tarar 50, an kuma rasa 450 na 4♠ da aka ci 11 a cikinsa, asarar ita ma 500. A halin haɗari, inda lada da tara duka suke ƙaruwa, 1430 ne a kan 680, ribar 750, asarar faɗuwa kuma 100 da 650, wato 750. Riba da asara sun yi kunnen doki, don haka ƙaramin silam ya cancanci tayi da zarar damar cikarsa ta haura rabi. Silam ɗin da ya rataya a kan fines guda, wato a kan ko sarkin da ya ɓace yana hannun hagu ko na dama, yana kan iyaka daidai. Wanda ke buƙatar ɗaya daga cikin fines biyu ya yi nasara yana da kashi 75 cikin 100, kuma kin tayinsa kuskure ne. Wanda kuwa ke buƙatar fines tare da rabuwar katunan yanka biyar na abokan hamayya 3-2, rabuwar da ke faruwa kusan kashi 68 cikin 100, ya gangaro zuwa kashi 34, bai kuma kamata a je kusa da shi ba.

Ra'ayina a wannan fanni guda ɗaya ne. Kowane silam yana da tambayoyi biyu: shin muna da zagaye 12, kuma shin abokan hamayya za su iya cin biyu kafin mu kai ga namu? Ta farko ce babba, ita ce kuma mai wuya, domin babu wani tayi guda da ke amsa ta. Ta biyu tana da kayan aiki da yawa masu sunayen manyan 'yan wasa, shi ya sa mafi yawanmu muke garzayawa gare ta, mu bar ta farko ga ƙidayar maki.

Ƙidayar da kowa ya fara da ita, as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, Milton Work ne ya yaɗa ta a shekarun 1920, sannan Charles Goren ya kai ta ko'ina daga ƙarshen shekarun 1940. Maki 40 ne a karta gaba ɗaya, kuma ana koyar da cewa 33 ake nema don ƙaramin silam, 37 don babba. Dalilin waɗannan lambobi ba ɓoyayye ba ne: wanda ke da 33 ya rasa 7, kuma 7 ba za su isa as biyu ba, wanda ke da 37 ya rasa 3, ba za su isa as ko ɗaya ba. A lura, wannan hujja amsa ce ga tambaya ta biyu, ba ta ce komai game da ta farko ba, kuma ko a kan ta biyun ma tana da ɓaraka, tunda as da sarki na dangi ɗaya maki 7 ne cif. Ga hannaye biyu:

Mai buɗi: ♠ A K Q, ♥ Q J 4, ♦ K J 6 3, ♣ J 8 2
Mai amsa: ♠ J 5 4, ♥ 10 6 3, ♦ A Q 7, ♣ A K Q 3

Mai buɗi yana da 17, ya buɗe da 1NT (NT na nufin buga wasa ba tare da dangin yanka ba). Mai amsa yana da 16, ya gayyace shi da 4NT, shi kuma da yake yana ƙololuwar abin da ya yi alƙawari, sai ya tafi 6NT. Babu wanda ya saɓa wa littafi. Amma idan aka ƙirga, zagaye 3 ne a ♠, 4 a ♦, 4 a ♣, jimilla 11, na 12 kuwa sai daga ♥ zai fito, kuma ba zai fito ba sai as da sarki sun ci nasu. Ko da mai fitar da katin farko bai taɓa ♥ ba, alƙawarin ya riga ya mutu. Jak ɗin ♠ maki ɗaya ne a takarda, amma a tebur zai faɗa ne ƙarƙashin sarauniyar abokinsa ba tare da ya tsinana komai ba. Da a ce mai amsa yana da ƙaramin ♠ na huɗu a madadin ɗaya daga cikin ♥ ɗinsa, da wannan jak ɗin ya zama zagaye na 12, kuma da sai masu tsaro sun fara da ♥ kafin su karya alƙawarin. Makin bai ƙaru ba ko ɗaya, tsawon dangi ne ya ƙaru.

Duk da haka ba na raina ƙidayar maki a hannaye masu daidaiton rabo, inda za a buga ba tare da dangin yanka ba. A can ta fi aminci, kuma 33 tana cika sau da yawa fiye da yadda take faɗuwa. Gyaran da nake yi kaɗan ne: hannun 4-3-3-3 ina rage masa ɗaya, dangi mai kati biyar da manya a kansa ina ƙara masa ɗaya, manyan katunan da suka taru a gajeren dangi, irin A K Q uku rak ko K Q biyu rak, ina kallonsu da shakka.

Inda ƙidayar ta fi yin rauni shi ne a alƙawarin da ke da dangin yanka, musamman a mataki na shida. A can as ya fi maki 4 daraja, sarauniya da jak kuma ba su kai abin da aka ba su ba. Wannan ba sabon gano ba ne. Ƙungiyar Four Aces ta Amurka tun a shekarun 1930 take ƙirga as 3, sarki 2, sarauniya 1, jak rabi, kuma 'yan wasa da dama a yau suna amfani da 4.5, 3, 1.5 da 0.75 idan an sami dangin da aka dace a kai. Ba sai mutum ya haddace waɗannan ba. Ya isa ya san cewa hannu mai maki 14 na as uku da sarauniyar yanka hannun silam ne, mai maki 14 da galibinsu na sarauniyoyi da jak-jak ne kuwa hannun 3NT ne, kuma duk wanda ya taya su iri ɗaya ya zalunci abokin wasansa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda makin suke zaune idan aka haɗa hannayen biyu, kuma a nan ne nake so in daɗe. A duba wannan:

Mai buɗi: ♠ A K J 7 4, ♥ K Q 3, ♦ 8 6 2, ♣ K 5
Mai amsa: ♠ Q 10 6 3, ♥ A 8 5 2, ♦ 4, ♣ A 9 6 2

Maki 16 da 10, jimilla 26, abin da littafin koyo zai ce gem ne kawai. Amma 6♠ a nan kusan tabbas ne. Za a ba da ♦ ɗaya, a yanke sauran biyun a hannun mai amsa, sannan a ƙirga 5 a ♠, 3 a ♥, 2 a ♣, da yanka 2, an sami 12. Ko da masu tsaro sun fara da katin yanka, suka kuma maimaita bayan sun ci ♦, akwai sauran biyu a hannun mai amsa, wanda aka shimfiɗa a tebur, kuma biyun ake bukata. Yanzu a bar hannun mai amsa yadda yake, a musanya jajayen dangin mai buɗi kawai:

Mai buɗi: ♠ A K J 7 4, ♥ 9 6 3, ♦ K Q 2, ♣ K 5

Maki 16 ne har yanzu, rabon katin ma bai sauya ba. Amma sarki da sarauniyar ♦ sun fuskanci kati tilo, sun zama maki biyar da za su samar da zagaye ɗaya a inda yanka zai iya samarwa kyauta, yayin da ♥ ya bar ramuka biyu da babu abin toshe su. A mafi yawan lokuta zagaye 10 za a ci. Bambancin zagaye biyu ke nan tsakanin hannaye biyu da kowace ƙidaya ta mutum ɗaya za ta ce tagwaye ne.

Har ƙidayar katunan asara, wadda F. Dudley Courtenay ya bayyana a 1934 kuma Ron Klinger na Ostareliya ya farfaɗo da ita daga baya, ba ta tsira a nan ba. A wannan tsari ana duba katuna uku na sama a kowane dangi, a ƙirga duk wanda ba as ko sarki ko sarauniya ba a matsayin asara, a haɗa na hannaye biyu, a cire daga 24. Hannun mai buɗi na farko yana da asara 6, na biyun ma 6, mai amsa yana da 7; 24 a cire 13 saura 11. Amsa ɗaya ta bayar ga duka biyun, kuma ta kuskure a duka biyun, a ɗaya ta rage, a ɗaya ta ƙara. Ina amfani da wannan ƙidaya, domin ta fi ta maki sanin darajar dogon dangi da gajere, kuma tana saurin nuna cewa hannu mai asara 5 da ya fuskanci mai buɗi na yau da kullum, mai asara 7, ya shiga yankin silam. Amma ita ma hannu ɗaya take gani.

Maganin shi ne tayin da ke nuna gajarta. A farkon shekarun 1960 David Cliff da Dorothy Hayden, wadda daga baya aka sani da Dorothy Truscott, kowannensu a nasa ɓangare ya kawo tayin sifilinta: tsalle mai nisa a sabon dangi wanda ke cewa ina da goyon bayan kati huɗu, ina da ƙarfin gem, kuma a wannan dangi kati tilo ne da ni ko fanko. A misalinmu, mai amsa zai ce 4♦ a kan 1♠. Daga wannan tayi guda mai buɗi zai daina lissafi da karta mai maki 40, ya koma mai maki 30, domin maki 10 na ♦ sun daina aiki in ban da as. Mai hannun farko zai ga cewa duka makinsa 16 suna cikin talatin ɗin da ke aiki, ƙananan ♦ ukun da suka zame masa nauyi kuma sun zama wurin yanka. A haɗe suna da 26 daga cikin 30. Mai hannu na biyu zai ga makinsa masu aiki sun koma 11, ya ce 4♠ ya yi shiru. Tayin Jacoby 2NT, mai sunan Oswald Jacoby, aiki iri ɗaya yake yi ta ɗaya gefen: mai amsa ya nuna goyon baya da ƙarfin gem, mai buɗi ya faɗi gajartarsa a mataki na uku, mai amsa ya sake auna nasa. A ganina waɗannan biyun sun fi kowace hanyar tambayar as amfani wajen gano silam, domin su ne kaɗai daga cikin sanannun tayi suke taɓa tambayar farko kai tsaye.

Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa ga Ely Culbertson wadda nake ganin ta dace da wannan wuri. Idan mutum yana shakkar ko ya nemi silam, ya zana wa abokinsa a zuci hannu mafi ƙaranci da tayinsa ya yarda da shi, amma wanda katunansa suka faɗa daidai inda ake so. Idan da wannan hannu silam zai cika ba wahala, ya gayyata. Idan kuwa sai ya ba abokin nasa mafi yawan maki, kuma kowane a wurin da ya dace, kafin 12 su fito, ya haƙura. Amfanin ƙa'idar shi ne tana tilasta wa mutum ƙirga zagaye da katuna na gaske. Ta kuma tuna masa cewa neman silam ba kyauta ba ne: wanda ya haura zuwa mataki na biyar ya faɗi da ɗaya ya zubar da gem ɗin da ke hannunsa ba tare da ya ma taɓa silam ɗin ba, kuma babu sakamakon da ya fi wannan ɗaci a takardar lada.

Sai bayan an gamsu cewa 12 suna nan ake komawa ga tambaya ta biyu. Easley Blackwood na Indiyanafolis ya ƙirƙiro tayinsa na 4NT a 1933, da amsoshi masu sauƙi: 5♣ babu as ko duka huɗu, 5♦ ɗaya, 5♥ biyu, 5♠ uku. John Gerber ya kawo irinsa da 4♣ a 1938, wanda yau aka fi amfani da shi bayan buɗin NT. Sauƙin Blackwood ne ya sa ya zama tayin da aka fi kowane yi ba bisa ƙa'ida ba. Aikinsa shi ne hana mutum shiga silam ɗin da ya rasa as biyu. Ba ya samar da zagaye, ba ya kuma faɗin wane as ne abokin wasa yake da shi. Mai jefa 4NT don kawai hannunsa ya yi masa kyau kamar mai duba ko an kulle ƙofar rumbu ne, alhali bai leƙa ya ga ko akwai hatsi a ciki ba.

Ga inda rashin sanin wane as ke cutarwa:

Mai buɗi: ♠ A K Q 8 5 2, ♥ K Q 4, ♦ 7 3, ♣ A 2

Ya buɗe 1♠, abokinsa ya ɗaga zuwa 3♠, yana nuna kati huɗu da maki 10 zuwa 12. Hannun yana da asara 4, don haka tunanin silam daidai ne. Amma a ɗauka ya ce 4NT aka amsa masa da as ɗaya. Abokin nasa yana iya riƙe da ♠ J 9 6 4, ♥ 7 3, ♦ A 8 5, ♣ K Q 6 3, inda za a jefar da ƙaramin ♦ a kan sarauniyar ♣, a ba da as ɗin ♥ kaɗai, a ci 12. Yana kuma iya riƙe da ♠ J 9 6 4, ♥ A 7, ♦ Q J 5, ♣ K 8 6 3, mai maki ɗaya fiye da na farko, inda as da sarkin ♦ suke jira. Amsar Blackwood iri ɗaya ce ga hannayen biyu. Shi ya sa ake cewa kada a tambayi as da ƙananan katuna biyu a dangin da ba a tabbatar da kariyarsa ba, kada kuma a tambaya da fanko, tunda as ɗin da ya fuskanci fanko zai shiga ƙidaya ba tare da ya toshe komai ba. Don matsalar fanko ne Bobby Goldman ya tsara wani nau'in tambayar da ke cire as ɗin dangin da mai tambaya ba shi da shi.

Hanyar da ta dace da wannan hannu ita ce tayin nuna kariya. Bayan an amince da dangin yanka, kowane sabon dangi da aka ambata yana cewa a nan ba za su ci zagaye biyu a jere ba. Tsohon salo yana fara nuna as ko fanko, sai daga baya sarki ko tilo. Salon da ya fito daga 'yan wasan Italiya, waɗanda ƙungiyarsu ta Blue Team ta ɗauki kofin duniya na Bermuda Bowl sau 13 tsakanin 1957 da 1975, yana nuna kowace irin kariya, ta farko ko ta biyu, daga dangi mafi ƙasa zuwa sama, kuma dangin da aka tsallake an musanta kariya a cikinsa ke nan. Na fi son wannan salo nesa ba kusa ba, domin abin da aka tsallake yana magana kamar abin da aka faɗa. Mai buɗi zai ce 4♣. Abokin da ke da as ɗin ♦ zai ce 4♦, daga nan 4NT ta zama tambaya mai ma'ana, kuma za a isa 6♠. Wanda ba shi da kariyar ♦ zai tsallake zuwa 4♥, mai buɗi ya gane ramin a buɗe yake ta gefe biyu, ya tsaya a 4♠ tun bai bar matakin gem ba. Raunin salon shi ne ba ya bambanta as da sarki, amma wannan gurbi ne 4NT take cikewa daga baya. Tayin kariya ya tabbatar babu dangin da zai zubar da biyu, 4NT kuma ta tabbatar ba a rasa as biyu ba.

Blackwood ɗin da aka fi bugawa a gasa yau shi ne na manyan katuna biyar, as huɗu da sarkin dangin yanka. A tsarin da ake kira 1430, amsar 5♣ tana nufin ɗaya ko huɗu, 5♦ babu ko uku, 5♥ biyu ba tare da sarauniyar yanka ba, 5♠ biyu tare da ita. Wasu suna juya biyun farko. Hikimarsa ita ce sarkin yanka, ba kamar sauran sarakuna ba, babu yadda za a yi a kauce masa ta hanyar jefarwa ko yanka, don haka rashinsa kusan rashin as ne. Idan biyu daga cikin biyar sun ɓace a tsaya a biyar. Idan ɗaya ya ɓace tare da sarauniya, kuma katunan yanka takwas ne kacal, yawanci silam ɗin bai kai rabi ba. Wanda ya san cewa a haɗe suna da katunan yanka goma yana iya amsawa kamar yana da sarauniyar, tunda ukun da suka rage suna rabuwa 2-1 kashi 78 cikin 100. Abin kiyayewa guda shi ne idan ♣ ko ♦ ne dangin yanka, amsar kanta tana iya wuce mataki na biyar na dangin, ta jefa mutum cikin silam ɗin da ya tambaya don ya guje masa. Wannan ne ya sa Jeff Rubens ya ba da shawarar a mayar da tambayar zuwa tayin da ke sama da huɗu na dangin yanka kai tsaye.

Babban silam lissafinsa daban ne. A gasar ƙungiyoyi, inda ake mayar da bambancin ladan tebura biyu zuwa makin gasa da ake kira IMP, wanda ya taya 7♠ ya cika ba a halin haɗari ba ya sami 1510 a kan 1010 na ɗaya teburin, IMP 11; in ya faɗi da ɗaya, ya rasa 980 na ƙaramin silam da tarar 50, IMP 14. A halin haɗari 13 ne a kan 17. Wannan yana neman kusan kashi 56 zuwa 57 cikin 100, amma bisa sharaɗin cewa ɗaya teburin ya isa shida. Idan can a gem suka tsaya, wanda ya taya shida ya riga ya ci 11, haurawa bakwai za ta ƙara masa 3 ne kawai, faɗuwa kuma za ta mayar da cin 11 zuwa asarar 11. Tunda ba a ganin ɗaya teburin, ni ba na tayin bakwai sai na iya ƙirga 13 da yatsa, ko kuma abin da ya rage rabuwa ce irin 3-2, ba fines ba. Tayin 5NT bayan amsar manyan katuna, wanda ke neman sarakunan gefe, yana kuma shaida wa abokin wasa cewa duka biyar ɗin da sarauniya suna hannu. Sau da yawa wanda aka tambaya ne ke riƙe da dogon dangi mai gudu, kuma shi ya kamata ya ce bakwai ba tare da ya tsaya amsa tambayar ba.

Sanannen babban silam a tarihin wasan bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba. A wasan ƙarshe na Bermuda Bowl na 1975, ana dab da kammalawa kuma sakamako bai tabbata ba, Giorgio Belladonna da Benito Garozzo na Italiya suka isa 7♣ a kan 'yan Amurka. Belladonna yana da ♣ shida da jak a samansu, hannun da aka shimfiɗa kuma as da sarauniya ne biyu rak. Sarki da goma suna waje tare da wasu uku. Tunda fines sau ɗaya kawai za a iya yi, hanyar da ta fi bayyana ita ce sarkin ya kasance a hagun Belladonna da kati ɗaya tak a bayansa, abin da damarsa ba ta kai kashi 14 cikin 100 ba. Eddie Kantar ne ke zaune a hagun, kuma abin da ke hannunsa ke nan: sarki da goma. Ya sa goma, sarauniya ta ci, as ya kwashe sarki, Italiya ta riƙe kofin. Masu sharhi sun daɗe suna muhawara a kan abin da zai faru da Kantar ya jefa sarkin tun a zagayen farko kamar shi kaɗai ne da shi, domin hakan na iya sa Belladonna ya ɗauka sauran huɗun da goma suna dama, ya bi wata hanyar da za ta kai shi ga faɗuwa. Kantar ɗin nan ne daga baya ya rubuta littafin da aka fi komawa gare shi a kan Blackwood na manyan katuna biyar, tsarin da ke sanya sarkin yanka cikin ƙidaya tun kafin a wuce mataki na biyar.